Shaidar mai horar da 'yan wasa a Jos kan furotin na tukunya da na roba

Assalamu alaikum. Sana'ata horar da matasa ce a nan Jos, 'yan ƙwallo da 'yan gudu da masu ɗaga ƙarfe, har da 'yan dambe da ke zuwa neman ƙarin ƙarfi kafin lokacin wasa. A cikin wannan aiki na girma, a cikinsa furfura ta fito mini, kuma abin da zan faɗa a nan shaida ce ta abin da idona ya gani a jikin yaran mutane. Garin da ya fitar da Mikel Obi da Ahmed Musa, garin da Plateau United ta ɗauko wa kofin gasar ƙasa a 2017, ba zai rasa matasa masu buri ba. Kowace asuba za ka gan su a kan titin Zariya da titin Bauchi da kewayen filin wasa na Rwang Pam, suna gudu cikin sanyin da ke ratsa ƙashi. Tambayar da suka fi yi mini ita ce, "Koci, wane gari zan saya?" Garin furotin da ake sayarwa a roba don gina jiki suke nufi. Da wuya ka ji wanda ya ce, "Koci, me zan ci?" Alhali tambaya ta biyun ce ke gina jiki.

Rayuwar yawancinsu hanya ɗaya take bi. Yaro ya fara atisaye da zuciya ɗaya, wata biyu ko uku yana ganin canji, sai jiki ya tsaya. Ya duba Instagram ya ga ƙattin Amurka riƙe da roba, ya yanke cewa abin da ya rasa ke nan. Ya tara kuɗin da ya samu a kabu-kabu ko a shagon ubangidansa, ya sayi roba guda. Da safe kuma karin kumallonsa koko ne zalla, da rana garin kwaki da sukari, da dare tuwo da miyar da babu ko tsoka ɗaya a ciki. Roba ta ƙare cikin wata guda, jiki yana nan yadda yake, sai wani ya raɗa masa cewa akwai ƙwaya ko allura da ta fi gari aiki. A wannan mataki ne muke rasa yara, kuma shi ya sa nake son a fara da lissafi tun kafin a kai can.

Lissafin ba shi da wuya. Mutumin da ba ya motsa jiki sosai yana bukatar furotin, wato sinadarin gina jiki, kimanin giram 0.8 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Ɗan wasa yana bukatar tsakanin giram 1.2 zuwa 2.0 a kan kowane kilo. Wani babban nazari da aka buga a 2018, wanda ya tattara gwaje-gwaje masu yawa a kan masu ɗaga ƙarfe, ya nuna cewa ribar tsoka tana daina ƙaruwa sosai idan an kai wajen giram 1.6. Wannan adadin nake ba yarana. Ka hau sikeli, ka ninka nauyinka da 1.6. Mai kilo 60 yana neman giram 96, mai kilo 70 yana neman giram 112, mai kilo 80 kuma giram 128. Ɗan gudun dogon zango irin na Pankshin zai iya tsayawa a 1.4, mai rage nauyi don shiga ajin dambe ko kokawa zai iya hawa zuwa 2.0 don kada tsoka ta zube tare da kitse. Abin da ya haura wannan, jiki ƙona shi yake yi a matsayin makamashi, ragowar kuma ta fita a fitsari. Kuɗi ne ka kashe a banza.

A nan akwai ruɗanin da ya kamata a warware. Giram 100 na nama ba giram 100 na furotin ba ne, domin mafi yawan nama ruwa ne. Dafaffen naman sa mara kitse mai nauyin giram 100, kwatankwacin tafin hannunka ba tare da yatsu ba, yana ba da furotin kusan giram 26. Ƙirjin kaza mai wannan nauyi ya kai 30. Kifin titus ya ɗan haura 20. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Kofin madara ko kindirmo mai kauri giram 8. Busasshen wake yana da kusan giram 23 a cikin 100, don haka gwangwanin madara ɗaya na ɗanyen wake, idan aka dafa, ya kusa ba ka giram 30. Waken suya ya fi kowa, wajen giram 36 a cikin 100 na busasshe. Gyaɗa tana da 25, amma rabin nauyinta mai ne; ƙuli-ƙuli ya fi ta yawan furotin saboda an matse man. Kilishi, da yake ruwansa ya bushe, kusan rabin nauyinsa furotin ne, sai dai tsada da gishiri. Shinkafa dafaffiya ba ta kai giram 3 a cikin 100 ba, dankalin turawan da muke alfahari da shi a Filato kuma wajen 2 ne. Waɗannan biyun aikinsu ba da ƙarfin gudu ne, kada a ɗora musu aikin gina tsoka.

Ga yadda matashi mai kilo 70 zai cika giram 112 ɗinsa daga kasuwar Katako da teburin mai shayi. Da safe ƙwai uku da burodi da shayi mai cokali uku na madarar gari, wannan ya kai wajen 30. Da rana wake da shinkafa, amma waken ya zama gwangwani guda cif, ba irin wanda sai an tona shinkafa ake ganinsa ba, wannan 35. Bayan atisayen yamma kofin kindirmo da cikin hannu na gyaɗa ko ƙuli-ƙuli, 16. Da dare tuwo da yankan kifi ko nama kamar tafin hannu, wajen 30. Ka haɗa, ka ga wajen giram 111, kusan an kai, ba a buɗe roba ba. Ranar da babu kuɗin kifi, awara ta tsaya a madadinsa, ko alale, ko ɗanwake da ƙwai biyu. Lokacin fara, soyayyiyar fara abinci ce ta ɗan wasa, kada kowa ya raina ta.

Rarrabawar nan da na yi kashi huɗu da gangan ne. Tsoka ta fi amfana idan ana ba ta giram 20 zuwa 40 a kowane zama, tsakanin sa'o'i uku zuwa huɗu, fiye da a wuni da yunwa sannan a ci tsire na dubu biyar da dare. Maganar da ake yi cewa dole ka sha gari cikin minti talatin da ajiye ƙarfe, in ba haka ba atisayen ya tashi a banza, an zuzuta ta fiye da kima. Idan ka ci abinci sa'o'i biyu kafin atisaye, kana da sararin wanka da sallah kafin ka sake ci. Wanda ya yi gudun asuba da cikinsa babu komai shi ne ya kamata ya gaggauta karyawa.

Wasu za su ce furotin na wake bai kai na nama ba. Akwai gaskiya a ciki, amma iyayenmu mata sun warware matsalar tun kafin a ba ta suna. Furotin haɗe yake da ƙananan sinadarai guda ashirin da ake kira amino asid, tara daga ciki jiki ba ya iya ƙera su, sai an ci. Hatsi irin su masara da dawa da gero suna da ƙarancin ɗaya mai suna laisin, wake kuma yana da shi da yawa amma yana da ƙarancin metiyonin, wanda hatsi ke da shi. Shi ya sa wake da shinkafa, ƙosai da koko, fura da nono, kowannensu yake cike giɓin ɗan'uwansa. Accarmu ta Filato tana cikin hatsin da suka fi metiyonin, don haka gwaten acca da aka zuba wa wake da gyaɗa abinci ne da nake yaba wa ƙwarai. Wanda mafi yawan furotin ɗinsa daga tsirrai yake, ya ɗan ƙara yawa a kan lissafin, ya kusanci 1.8.

Akwai kurakurai uku na kicin da nake gani kullum. Na farko ɗanyen ƙwai da ake kaɗawa cikin maltina da madara wai don ƙarin jini da ƙarfi. Gwaji ya nuna cewa jiki yana narkar da kusan rabin furotin na ɗanyen ƙwai ne kawai, alhali na dafaffe yana narkar da kashi 90 cikin 100. Ga kuma haɗarin ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi, wadda za ta kwantar da kai mako guda. Ka dafa ƙwanka. Na biyu garin waken suya da ake niƙawa ɗanye a zuba a kunu. Ɗanyen waken suya yana da sinadarin da ke hana hanji narkar da furotin, sai ciki ya kumbura ya yi ta ƙugi. Zafin wuta ne ke kashe sinadarin, don haka a soya shi sosai ko a tafasa shi kafin a niƙa. Na uku gyaɗa da ƙuli-ƙulin da suka yi fumfuna ko suke ɗaci. Gubar aflatoksin da ke cikinsu tana lalata hanta, kuma suya ba ta kashe ta. A zubar. Nonon da ake sayarwa a kwano kuma sau da yawa an tsinka shi da ruwa, don haka kofi biyu nasa bai kai kofi ɗaya na kindirmo ba, kuma a tabbatar an dafa madarar kafin a kwantar da ita.

Yanzu mu zo kan robar. Garin da za ka ga an rubuta whey a jikinsa, ruwan da ke tsatsowa ne idan ana yin cuku daga madara, aka tace shi aka busar. Abinci ne, ba magani ba, kuma ba haramtaccen abu ba ne a wasanni. Ludayin da ke cikin robar yana ɗaukar kimanin giram 30 na gari, ya ba ka furotin giram 20 zuwa 25, daidai da ƙwai huɗu. Amfaninsa na gaskiya sauƙi ne: ɗan ƙwallon da ke cikin mota daga Jos zuwa wasa a wata jiha, ko ma'aikacin da ke fita daga ofis kai tsaye zuwa wurin atisaye, ko ƙaton da ke neman giram 160 a rana cikinsa ya gaza ɗaukar abincin. Ga irin waɗannan ludayi ɗaya, in ya yi yawa biyu, a rana ya isa. Kafin ka saya, ka raba kuɗin robar da yawan ludayin da aka rubuta, ka kwatanta da kuɗin ƙwai huɗu a unguwarku. Ni ban cika ganin lissafin ya goyi bayan roba ba.

Idan ka sha ka ji ciki na murɗawa da iska da gudawa, galibi sukarin madara ne jikinka ba ya narkarwa, abin da ya zama ruwan dare a tsakanin manyanmu. Irin da aka rubuta isolate an cire masa mafi yawan wannan sukari, sai dai ya fi tsada. Manyan buhunan garin ƙara nauyi da ake kira mass gainer kuwa ina hana yarana saye. Ka karanta bayan buhun, za ka ga mafi yawansa sitaci ne da sukari, furotin ɗan kaɗan. Fura da kindirmo da ayaba da cokali biyu na tunkuza ko markaɗaɗɗiyar gyaɗa za su yi maka wannan aikin. Haka garin BCAA mai launi-launi: amino asid uku ne daga cikin taran, kuma wanda ya cika furotin ɗinsa na rana ya riga ya same su.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne jabu. Ana auna furotin a ɗakin gwaji ta hanyar auna naitirojin, kuma maha'inta sun san haka, sai su zuba abubuwa masu araha da ke ɗauke da naitirojin don adadin ya hau a takarda. Wannan dabarar ce ta kai ga bala'in madarar jarirai a ƙasar Sin a 2008, lokacin da aka zuba melamin, yara suka mutu, dubbai suka kamu da ciwon ƙoda. A kasuwarmu kuma akwai masu cika tsohuwar roba da madarar gari da fulawa su sake liƙewa, akwai masu ɗura gari a leda su sayar da awo babu suna babu kwanan wata. Ka duba lambar NAFDAC, ka duba lambar rukunin da aka ƙera da ranar lalacewa, ka ga hatimin baki bai taɓu ba. Idan jerin kayan haɗin ya nuna an ƙara glycine ko taurine da yawa, waɗanda suna cikin irin abubuwan nan masu araha, ka ajiye. Idan farashin ya yi rabin na sauran shaguna, ka tuna araha ba ta ado. Garin da ya dunƙule saboda danshin damina, ko ya canja wari, shi ma ya tashi daga aiki.

Ga wanda ke fatan buga gasar ƙasa ko ta duniya, batun ya wuce asarar kuɗi. Dokar WADA, hukumar duniya mai yaƙi da amfani da haramtattun ƙwayoyi a wasanni, wadda aka kafa a 1999, ta ce duk abin da aka samu a jikinka kai ke da alhaki, ko ka sani ko ba ka sani ba. Binciken da Kwamitin Olamfik na Duniya ya ɗauki nauyi ya gwada kayan ƙarin abinci 634 daga ƙasashe 13, aka samu kusan kashi 15 cikin 100 ɗauke da sinadarai haramtattu da ba a rubuta a jikinsu ba. A gasar ƙasashe rainon Ingila ta 2014 a Gilasgo, 'yar Najeriya mai ɗaga ƙarfe Chika Amalaha, tana da shekara 16, ta ci zinare aka karɓe shi bayan an samu haramtattun magungunan fitar da fitsari a jikinta. Ina ambaton wannan da tausayi, don yaranmu su san cewa gwajin ba ya duba shekaru ko niyya. Ɗan wasan da ake iya gwadawa ya nemi robar da ke da tambarin Informed Sport, wanda ke nuna an gwada wannan rukunin a ɗakin gwaji mai zaman kansa. Kuma a sani, tun 1 ga Janairu 2024 tiramol ya shiga jerin abubuwan da aka haramta a lokacin gasa.

Daga cikin duk abin da ake sayarwa, wanda bincike ya fi tabbatar da amfaninsa shi ne kiriyatin, kuma irin da aka rubuta creatine monohydrate, mafi araha, shi ne aka fi gwadawa. Yana taimaka wa tsoka a aiki mai ƙarfi na ɗan gajeren lokaci, kamar ɗaga ƙarfe da gudun mita ɗari. Giram 3 zuwa 5 a rana, wato ƙaramin cokalin shayi, a cikin ruwa, kowace rana har ranar hutu. Cikin mako uku zuwa huɗu tsoka za ta cika. Wasu suna farawa da giram 20 a rana na kwana biyar zuwa bakwai, a raba huɗu, don a yi sauri, amma ba dole ba ne, kuma shi ke jawo ciwon ciki. Nauyi zai hau da kilo ɗaya ko biyu saboda ruwan da tsoka ke riƙewa. Ɗan dambe mai ajin nauyi ya sa wannan a lissafi. Idan za a yi maka gwajin ƙoda ka faɗa wa likita kana sha, domin yana iya ɗaga adadin kiriyatinin, sinadarin da ake aunawa don duba lafiyar ƙoda, a jini ba tare da ƙodar ta samu matsala ba. Yaron da bai kai shekara 18 ba, ni abinci da barci kawai nake ba shi.

Sai ƙwayoyi da allurai, inda na ga hawaye. Masu sayar da Dianabol da Sustanon da Deca, waɗanda duk dangin sinadarin maza ne, a bayan wuraren atisaye suna nuna wa yaro damtse, ba sa gaya masa sauran. Idan aka shigar da sinadarin maza daga waje, jiki yana daina ƙera nasa: 'ya'yan maraina su ƙanƙance, maniyyi ya ragu har haihuwa ta yi wuya, nono ya fito wa namiji, ƙuraje su cika baya, hawan jini ya shigo, hanta ta wahala musamman da na haɗiya. Na ga ango da ya shekara yana zaryar asibiti shi da amaryarsa, ana zargin yarinyar mutane, alhali allurar da ya yi kafin aure ce sila. Akwai kuma masu shan deksametason wai maganin ƙara ƙiba. Wannan ma cin tsoka yake yi. Fuska da ciki su kumbura da ruwa da kitse, hannu da ƙafa su sirance, sukari ya hau, ƙashi ya yi rauni. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya, domin yankewar farat ɗaya tana da haɗari ga rai. Ya je likita ya rage masa a hankali.

Iyaye suna yawan tare ni da tambayar ƙoda. Ga mai lafiyayyar ƙoda, bincike bai nuna cewa furotin a wannan adadi yana cutarwa ba. Mai ciwon ƙoda ko hawan jini ko ciwon sukari kuwa, likita ne zai yanke masa adadi. Abin da na fi tsoro a filin wasa shi ne ɗan ƙwallon da ya haɗiyi diklofenak ko ibuprofen kafin wasa don kashe ciwon gwiwa, ya yi minti casa'in yana zufa bai sha ruwa ba. Wannan haɗin yana bugun ƙoda kai tsaye. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma a lokacin hunturu iska busasshiya ce, ruwa na fita daga jiki ta numfashi amma sanyi ya hana ka jin ƙishi. Ka duba fitsarinka: idan ya yi duhu, ka ƙara ruwa har ya koma fari-fari.

Furotin kamar bulo ne, atisaye shi ne magini. Ka tara bulo babu magini, tsibi kawai za ka samu. Nauyin da kake ɗagawa ya riƙa ƙaruwa a hankali, barci ya kai sa'a bakwai zuwa tara, kuma abinci gaba ɗaya ya wadata, domin idan tuwo da shinkafa da dankali suka yi kaɗan jiki zai ƙona furotin ɗin don samun ƙarfi. Ɗan ƙwallo mai atisaye kullum yana bukatar sitaci giram 5 zuwa 7 a kan kowane kilo. Sabon shiga da ya yi komai daidai zai iya ƙara tsoka rabin kilo zuwa kilo ɗaya a wata, daga baya abin ya ragu. Duk wanda ya yi maka alkawarin kilo biyar na tsoka a wata guda, ka tambaye shi me ke cikin abin da yake sayarwa. 'Yan'uwa mata 'yan wasa lissafinsu ɗaya ne da na maza, sai dai su kula da ƙarancin jini saboda al'ada. Hanta da nama da wake da zogale su yawaita, a kuma nisanta shayi daga lokacin cin abinci saboda yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe.

A watan azumi adadin rana bai canja ba, lokacin ne ya takura. Mai neman giram 112 ya raba uku: wajen 35 da buɗa-baki bayan dabino da ruwa, misali ƙosai da kunun gyaɗa da ƙwai biyu, wajen 40 bayan tarawihi, abinci mai nauyi da nama ko kifi, sauran da sahur, inda kindirmo da wake suka fi dacewa saboda suna daɗewa a ciki. Atisaye mai nauyi a mayar da shi bayan buɗa-baki ko bayan tarawihi, a rage yawan zagaye amma a bar nauyin ƙarfen yadda yake, a kuma sha ruwa kaɗan-kaɗan tun daga magariba har sahur maimakon a ɗura shi lokaci guda.